SANYIN JIKI BAYAN SALLA

Jawabi ga hakimai da malamansu

 

Ko wane hakimi ya san yadda kwanakin Salla su ke. An yi hawan Idi, an yi jafi a ƙofar fada, an kwana uku ko huɗu a birni ana kai da kawowa. A Kano, bisa al'ada, bayan hawan Salla akwai hawan Daushe da na Nassarawa, sa'an nan na Ɗorayi ko na Fanisau. A Katsina da Zazzau kuwa akwai hawan Bariki. Biki ne mai girman gaske, har ma a shekarar 2024 Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. To, gwargwadon girman biki, gwargwadon shirun da ke biyo bayansa. Da Sarki ya sallami hakimai, sai kowa ya kama hanyar ƙasarsa. A kwance wa dawaki sirdi a mai da su barga, a ninke alkyabba a sa a adaka. Makaɗa da maroƙa su watse, 'ya'ya da jikoki da suka zo daga nesa su yi sallama. Gidan da jiya ba a samun wurin ajiye takalmi a ƙofar zaurensa, yau sai kukan kurciya.

A cikin wannan shiru ne mutane da yawa su kan ji wani abu ya danne musu zuciya. Jiki ya mutu, barci ya ƙi daɗi, aiki ya gundure su tun ba su fara ba. Wani ya zauna ya rafka tagumi, in an tambaye shi abin da ya same shi ya ce ba kome, kuma gaskiyarsa, don shi kansa bai san sunan abin ba. Ana jin nauyin faɗinsa, gama ana ganin bai dace da dattijo ba ya ce ransa babu daɗi alhali jiya jiya a ke yi masa kirari.

Dalilin da ya sa aka ga ya kamata a yi wa hakimai da malamansu bayanin wannan abu shi ne, ɓacin ran shugaba ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. In talaka ya tashi rai a ɓace, iyalinsa ne za su ji a jikinsu. In kuwa hakimi ne, dagatai za su ji, masu unguwa za su ji, har mai ƙarar da ya yi tafiyar yini guda don ya kawo kukansa shi ma zai ji. Bayan wannan kuma, akwai sanyin jiki na al'ada mai wucewa da kansa, akwai kuma wanda ya ke ciwo ne sosai, mai bukatar likita. Wanda ke riƙe da jama'a ya wajaba ya san bambancinsu.

ABIN DA KE KAWO SHI

Na farko shi ne rikicewar barci. Likitoci sun gano cewa a cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai wani ɗan wuri mai aikin agogo, shi ke shirya lokacin jin barci da na farkawa da na jin yunwa, kuma hasken rana da ke shiga ido shi ke daidaita shi kullum. A shekarar 2017 an ba waɗansu masana 3 na ƙasar Amurka kyautar Nobel saboda binciken yadda wannan agogo ke aiki. To, a duba abin da ke faruwa da azumi. Wata guda cur mutum yana tashi sahur, a goman ƙarshe kuma ya raba dare yana tsaye, sa'an nan ya rama barcin da hantsi. Agogon ya riga ya saba da wannan sabon tsari. Ranar da aka ce an koma aiki, sai a ce masa ya juyo nan take, shi kuwa ba ya juyowa sai sannu sannu, kimanin awa guda ko wace rana. Saboda haka sai a ga mutum ido biyu da tsakar dare, da safe kuma kai ya yi nauyi. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare, wanda duk ya kwana biyar bai sami haka ba, dole ransa ya yi saurin ɓaci, ko da babu abin da aka yi masa.

Na biyu shi ne canjin abinci. Cikin da ya saba da ci sau biyu sai ga shi ana ɗura masa tuwon Salla da waina da kayan zaƙi daga safe har dare. Da Babbar Salla kuwa soyayyen nama ne mako guda ba hutawa. Cin maiƙo da daddare yana hana barci mai nauyi, ga kuma goro da shayi da a ke sha tare da ko wane baƙo.

Na uku shi ne watsewar taro. Mutum ya daɗe yana ɗokin ranar. Tun wata biyu da suka wuce a ke maganar ɗinki da gyaran kayan doki da wanda zai zo da wanda ba zai zo ba. Zuciya kuwa tana samun ƙarfi daga abin da ta ke jira. Da ranar ta zo ta wuce, sai ta rasa abin hange, ta zauna kamar kasuwar da ta tashi. Wannan ya fi tsanani ga tsofaffi, waɗanda 'ya'yansu ke aiki a Legas ko Abuja ko ƙasashen waje, ba sa ganinsu sai Salla Salla. Tsohuwa ta cika ɗakinta da jikoki kwana uku, ran na huɗu ta raka su bakin mota ta dawo ta tarad da tabarmi a shimfiɗe babu kowa. Haka kuma wanda aka yi wa rasuwa cikin shekarar. Ranar Idi ce ya kan ga gurbin mamacin sarai, amma hidimar baƙi ta hana shi kuka, sai bayan kowa ya tafi abin ya dawo masa sabo.

Na huɗu, wanda ya fi sauran cizo, shi ne bashi. Tun dā Hausawa suka ce Salla bikin ɗaya rana, ta wuce ta bar wawa da bashi. Amma fa ba wawa kaɗai ta ke bari da shi ba. Hakimi yana da dawaki da mahaya da zai ciyar a birni, yana da barori da za a yi wa riguna, ga maroƙa, ga goron Salla. Malaminsa kuma, wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, yana jin kunya a ce malamin hakimi bai yi layya ba, ko 'ya'yansa sun fita da tsohon kaya. Sai ya ci bashin tela, ya ci na mai rago, ya karɓi na wata mai zuwa ya haɗa. Lokacin da Salla ta faɗo ma yana ƙara wa abin nauyi. Shekarar wata kwana 354 ce, watau ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa Salla ke zagaya damina da rani har ta dawo inda ta fara cikin shekara 33. A shekarar 2025, misali, an yi Ƙaramar Salla ran 30 ga Maris, cikin tsakiyar zafin bazara, aka yi Babba ran 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin iri da taki, rumbu kuma ya yi ƙasa. Tsakanin Sallolin nan biyu kimanin kwana 70 ne kurum, don haka sau da yawa ba a gama biyan bashin ta fari ba ta biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Na biyar shi ne aikin da ya taru. Rigimar iyakar gona da aka ce a bari sai bayan Salla, da ta gado, da ta aure, da takardun da aka turo daga fada da ƙaramar hukuma, duk suna nan suna jira. Mutum ya dubi tulinsu, ga jiki a gajiye, sai ya ji ya kasa taɓa ko ɗaya.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Kada wani ya zaci wannan magana sabuwa ce da Turawa suka kawo. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce an yi wani malami a Balkhu, cikin ƙasar da a ke kira Afganistan yanzu, sunansa Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi ne, ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya. Ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, inda ya nuna cewa zuciya tana ciwo kamar yadda jiki ke yi, kuma ciwon ɗayansu yana taɓa ɗayan. Ya raba baƙin ciki. Akwai wanda aka san sababinsa, kamar rasuwa ko hasarar dukiya. Akwai kuma wanda ke faɗo wa mutum ba tare da wani sababi da a ke gani ba, ya hana shi aiki da jin daɗin kome, wannan kuwa ya ce tushensa a jiki ya ke, yana bukatar magani. Ya kuma ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar rai, kamar yadda mai hankali ke ajiye magani a gida tun ciwo bai zo ba. 

ABIN DA ZA A YI

Sanyin jikin bayan Salla na al'ada ya kan wuce cikin 'yan kwanaki, da wuya ya kai mako biyu. Amma akwai abubuwan da ke gaggauta tafiyarsa, ga su nan.

1. A tsai da lokacin tashi. In an yi sallar asuba, a daure kada a koma a kwanta har hantsi, ko da daren bai yi daɗi ba. A fita waje a sha hasken safiya na kamar rabin awa, gama shi ke juyo da agogon jiki. In barci ya matsa, a yi ƙailula gajeriya bayan azahar, kada ta wuce rabin awa. Cikin mako guda barcin dare zai koma wurinsa.

2. A rage goro da shayi daga la'asar. Dukansu, har da kofi, suna ɗauke da wani sinadari mai suna kafeyin, wanda ke kore barci. Bayan kimanin awa 5 da cinsa rabinsa na nan cikin jini. Watau goron da aka fasa da magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Abincin dare kuma ya zama mara nauyi, a ci shi da wuri. Mai waya a hannu ya ajiye ta nesa da shimfiɗa.

3. A motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ko wane baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar rabin awa sau biyar. Ba sai an yi gudu ba. Hakimi ya taka da ƙafa ya zaga gonarsa, ko ya duba kasuwa da rijiyoyi da makaranta. Malami ya ajiye babur ya tafi ofis a ƙasa. Ga amfanin jiki, ga kuma ganin halin da gari ke ciki.

4. A fara aiki tun zuciya ba ta so ba. Wannan shi ne babban sirrin maganin. Mai sanyin jiki ya kan ce bari ya jira sai ya ji ƙarfi sa'an nan ya tashi. Nan ne ya ke kuskure, domin zaman shi ke ƙara kashe jikin, ƙarfin kuwa sai an fara motsi ya ke zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun jarraba wannan hanya sun ga amfaninta har ga masu ciwo sosai. To, malami ya ɗauki takarda ya jera ayyukan da ke jira, ya ware na gaggawa, ya sa wa ko wanne rana. Ran farko a ɗauki ƙanana guda biyu ko uku a gama su sarai. Wanda ya ga ya kammala abu ɗaya, na biyu ba zai yi masa nauyi kamar dā ba. Da sannu a kan cinye giwa, in ji masu magana, ba a haɗiye ta.

5. A jinkirta babban hukunci. Mutumin da bai yi barci ba, bashi kuma na cin ransa, ya kan ga laifi ya fi girmansa. Saboda haka a makon farko kada hakimi ya yi saurin kai ƙarar dagaci fada, ko ya kori bara, ko ya rufe sulhun da ke da sarƙaƙiya. Ya saurara, malami ya rubuta, a sa wata rana. Malaman fiƙihu tun dā sun hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi ko yunwa ko matsanancin gajiya, kuma dalilin bai canza ba. Haka nan a cikin gida. Sau da yawa sakin da aka yi bayan Salla ba laifin matar ba ne, zafin aljihu ne ya nemi wurin sauka.

6. A rubuta bashi. Bashin da ke yawo a ka ya fi na takarda tsoro, don da dare ya kan ninka kansa. Mutum ya zauna ya rubuta sunan ko wane mai binsa, da nawa ne, da ranar da zai iya biya. Sa'an nan ya tafi da ƙafarsa wurin mai bashin tun bai aiko ba, ya gaya masa gaskiya, su yanka lokaci. Mafi yawan masu bin bashi ɓuya ce ke tunzura su, ba jinkiri ba. In an gama wannan, sai a yi shirin baɗi. Wanda ya raba kuɗin rago kashi 11 ya riƙa ajiye kashi ɗaya ko wane wata, ko ya shiga adashi, ko ya sayi ɗan tunkiya da kaka ya yi kiwo, zai yi layya babu mai tsai da shi a hanya. A tuna kuma layya a kan mai hali ta ke. Hakimin da ya rage yawan dawakin hawansa ya daidaita su da ƙarfinsa, ya sauke wa dukan na ƙasa da shi kaya, domin in babba ya yi tsimi ƙarami ba zai ji kunyar yi ba.

7. Kada a yanke zumunci da wucewar biki. Kowa ya kan yi ziyararsa duka cikin kwana uku, sa'an nan a yi wata da watanni ba a leƙa juna. Ya fi kyau a ajiye waɗansu ziyarce-ziyarce sai mako na biyu da na uku, musamman na tsofaffi da marasa lafiya da gidajen da aka yi rasuwa. A lokacin ne suka fi bukatar sallama a ƙofa. 'Ya'yan da ke nesa kuma a hore su su tsai da ranar da za su riƙa buga waya ko wane mako, don tsohuwa ta sami abin da za ta riƙa jira.

8. A riƙe wani abu daga tsarin azumi. Abin da ya sa watan azumi ke da daɗin rai, ban da lada, shi ne ko wace sa'a tana da aikinta, kuma ana yi cikin jama'a. Wanda ya saki duka rana ɗaya zai ji kamar an cire masa tsani. Azumi shida na Shawwal, da karatun bayan asuba ko kaɗan ne, da sallar jam'i, da ciyad da maƙwabci, duk suna riƙe mutum kada ya faɗo gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da za a guje wa. Waɗansu, musamman samari, in ransu ya yi ƙunci sai su nemi sauƙi wurin ƙwaya, kamar taramol, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a shekarar 2018. Sauƙin na 'yan sa'o'i ne, bayansa ƙuncin ya dawo ya fi na dā, ga kuma sabon ciwo an ƙara. Haka maganin barci da a ke saye a kasuwa ba da izinin likita ba.

INDA ABIN YA ZAMA CIWO

Yanzu sai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. In mako biyu suka wuce mutum yana cikin baƙin ciki kusan yini duka, kusan kullum, ko kuwa ya daina jin daɗin dukan abin da dā ya ke so, to, wannan ya wuce gajiyar Salla. Shi ne likitoci ke kira ciwon damuwa. Sauran alamunsa su ne: farkawa tun cikin dare barci ya ƙi komowa, ko kuwa barci fiye da kima, ƙin abinci da rama, kasa tsai da hankali ga karatu ko lissafi, ganin kai ba shi da amfani, da ɗora wa kai laifin da bai kai haka ba, yanke ƙauna, da yawan tunanin mutuwa. A ƙasar Hausa mai wannan ciwo ba safai ya kan ce ransa ne ke ɓace ba. Ya fi cewa kansa na zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu na yawo a jikinsa, sai a yi ta ba shi maganin shawara da na zazzaɓi ba a dace ba.

Ciwon ba baƙo ba ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi a duniya, watau kimanin baligi 5 cikin ko wane 100, kuma ya fi yawa ga mata. Cikin masu ciki da masu jego ya kan kama fiye da 1 cikin 10. Wannan abin lura ne, domin mata su ne suka sha wahalar girkin azumi da na Salla, su ne kuma ba a ganinsu a zaure. Ciwon yana kama mai kuɗi da matalauci, malami da jahili, mai ibada da mai sakaci. Ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kamar yadda ciwon sukari ba raunin imani ba ne. Wanda aka ce wa ya yi haƙuri kurum ya daina raki, an ƙara masa kaya ne bisa kaya. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya.

A asibiti za a fara duba jini da sauran jiki, gama zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ciwon sukari da ciwon maƙoƙo duk suna iya kawo mutuwar jiki irin wannan. In an tabbata damuwa ce, maganinta iri biyu ne: zama da gwanin da aka horar a yi ta tattaunawa bisa tsari, da kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa in abin ya yi ƙarfi. Ƙwayoyin ba sa aiki ran da aka fara sha, sai an yi makonni, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, har likita ya ce a bari. Akwai asibitocin da aka keɓe don wannan aiki a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, amma asibitin da ke kusa shi ne wurin farawa. Mafi yawan waɗanda suka sami magani su kan warke su koma aikinsu.

Abu ɗaya ne ba ya jiran mako biyu. In mutum ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, ko aka ga yana rarraba kayansa yana sallama ba dalili, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi a fili, cikin taushin murya, ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sai ma ta buɗe masa ƙofar magana. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawad da maganin ƙwari da na ɓera da makami daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti ran nan, ba gobe ba.

RABON HAKIMI DA NA MALAMI

Likita yana asibiti, ba ya sanin abin da ke cikin ƙauye sai an kai masa. Mai unguwa ne ya san wanda ya daina fitowa masallaci, dagaci ne ya san gonar da aka bari ba a share ba alhali mai ita ba rago ba ne. An taɓa gwada ƙarfin wannan haɗin kai a Nijeriya. A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya shirya da shugabannin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, aka riƙa saukad da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen mutane, ko wanne tare da ɗan'uwansa, da rana su je asibiti da yamma su komo cikin jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya a 1973. Ba don masu ƙauyukan sun yarda ba, da bai yiwu ba. Dokar ƙasa ma ta canza. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu bisa sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙinsa na a yi masa magani cikin mutunci. Ɗaure mutum da mari ko kulle shi a ɗaki ba magani ba ne.

Saboda haka abin da a ke roƙon ko wane hakimi shi ne, a zamansa na farko da dagatai bayan Salla ya ta da wannan magana da bakinsa. In daga bakinsa ta fito, kunyarta ta ragu. Ya umurce su su sa ido ga gidajen da aka yi rasuwa, da tsofaffin da ke zaune su kaɗai, da masu jego, da magidantan da bashi ya yi wa katutu. A nemi dattijai mata masu shiga gidaje, da ungozoma, su ma a gaya musu alamun nan. Malami kuma ya san ranakun da a ke ganin irin waɗannan marasa lafiya a asibiti mafi kusa, ya taimaka da takarda da hanyar mota in an bukata. Amma ya riƙe asiri. Sunan mara lafiya ba abin hira ba ne a bakin kasuwa, ran da aka ji ya fita daga ofishin hakimi, ran nan mutane za su daina kawo nasu.

Daga ƙarshe, hakimi da malaminsa su duba juna. Suna tare kullum, babu wanda zai riga ɗayansu ganin canji a fuskar ɗaya. In malami ya ga maigidansa ya yi mako biyu ba ya fitowa zaure, ba ya cin abinci, ya nemi amininsa ko babban ɗansa ko limami ya gaya musu a asirce, wannan biyayya ce, ba rashin kunya ba. In kuma hakimi ya ga rubutun malaminsa ya lalace, lissafinsa na kuskurewa, alhali dā ba haka ya ke ba, kafin ya yi masa faɗa ya kira shi gefe ya tambaye shi lafiyar gida da ta aljihu.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, ya sa a ga wata Sallar babu nauyin kowa a wuya. Amin.